Motar da Aka Sauya wa Hanci

Garejina ƙarami ne. Rumfar kwano ce mai ɗaukar mota huɗu, da ramin duba ƙasan mota guda ɗaya, da yara biyar da ke koyon aiki a hannuna, a nan cikin Kano. Na koyi sana'ar nan a zamanin kafireta, lokacin da bakanike ke kasa kunne ya saurari Peugeot 504 ya faɗa maka abin da ke damunta kafin ya ɗaga bonet. Har yau kunnen yana yi mini aiki, amma motocin da ke shigo mana yanzu daga Amurka ta Kwatano da Legas suna da ƙwaƙwalwa tasu, kuma dole na koyi yadda ake tambayarta. Tun daga 1996 duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda muke jona kwamfutar bincike. Rabin abincina yanzu daga wannan soket yake fitowa.

A ƙarshen hunturun da ya wuce wani matashi ya shigo da Toyota Corolla ƙirar 2006, mai injin lita 1.8. Tun daga bakin ƙofa na ji ta tana zuƙar iska da wani irin gurnani da ba nata ba. Ya gaishe ni, ya ce, "Baba, motar nan ta ishe ni. In na taka totur sai ta yi kamar za ta mutu, ta yi jim, sannan ta fizga. A danja kuwa kunya take ba ni, 'yan adaidaita sahu suna ta yi mini hon."

Na tambaye shi abin da aka yi mata. An canza fulogi huɗu. An canza koyil biyu. An wanke nozul. A wani garejin an ce famfon mai ne, ya saya, aka sa. Duk wannan a cikin mako uku, kuma ciwon yana nan inda yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba wanda ke wasa da lita guda, shi kuwa ga kuɗin kaya ga motar ta ƙara shan mai.

Na ce, "Ɗana, kafin ta fara wannan, me ka taɓa a cikinta?"

Ya ce babu komai. Sai da na ɗaga bonet. Baƙin akwatin roba da iya kilina, wato matatar iskar inji, ke zama a ciki babu shi. A madadinsa ga wani bututun ƙarfe mai walƙiya, a bakinsa an ɗaura jar matata mai siffar mazurari. Sai ya ce, "Au, wannan ai gyara ne, abokina ya kawo mini. An ce yana ƙara wa mota ƙarfi." A ransa bai lissafa shi cikin abin da zai iya kawo matsala ba, shi ya sa bai faɗa wa kowane bakanike ba, su kuma ba su tambaya ba.

Wannan bututu ba ƙarya ce zalla ba, gara a faɗi gaskiyarsa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, duk saukar digiri 10 tana ƙara mata kusan kashi 3 cikin 100. Iska mai nauyi ta fi ɗauke da iskar da wuta ke ci, don haka inji zai iya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi. Wanda ya ƙirƙiro abin yana son inji ya shaƙi iskar waje mai sanyi ta hanya mai faɗi. Inda aka ƙera shi daidai da motar, aka kuma sa shi daidai, yana iya ƙara ɗan abu kaɗan a babban gudu. Mafi yawan waɗanda ke zuwa hannuna kuwa irin na kowa-da-kowa ne, ba a auna su da kowace mota ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, bisa nauyi. Ƙwaƙwalwar mota, wadda muke kira birenbos, ba ta ganin iska. Wata 'yar sensa ce a bayan iya kilina take faɗa mata, wadda a takarda ake rubuta MAF, mu kuma a gareji muke ce mata eyafulo. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke zafafawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, sensar kuma tana ƙara wuta don ta riƙe zafinta. Yawan wutar da ta ƙara shi ne ma'aunin iska. Amma wayar ba ta taɓa dukkan iskar, ɗan abin da ya bi ta gefenta kawai take ɗanɗana, sai ƙwaƙwalwa ta lissafa sauran bisa faɗin bututun da kamfani ya sa. Wannan faɗi a rubuce yake a cikinta, ba ta san an canza shi ba.

Yadda nake koya wa yarana shi ne: ka ɗauki mai auna hatsi da ya saba da kwanonsa. In ka sauya masa kwano da wanda ya fi girma ba ka faɗa masa ba, zai ci gaba da ƙirga kwano goma, alhali abin da ya zuba ya kai sha biyu. A ce bututun asali milimita 70 ne, ka sa mai inci 3, wato milimita 76. A ido bambancin bai kai faɗin ɗan yatsa ba, amma bakin ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Iska ɗaya za ta wuce a hankali, wayar ba za ta huce sosai ba, sensa ta ce iska kaɗan ce. Ƙwaƙwalwa ta rage mai. Inji ya sami iska da yawa da mai kaɗan.

To me ya sa sai an taka totur take shaƙewa, in ana tafiya a miƙe kuma lafiya lau? Saboda akwai wata sensar a jikin salansa da ke shinshina hayaƙi. In ta ji mai ya yi kaɗan sai ta sanar, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Amma ita sai an ƙona an gama take ba da labari. A daidai lokacin da ƙafarka ta danna totur, iska ta kwararo gaba ɗaya, eyafulo ne aka fi dogara da shi. In ya yi ƙarya ko ya yi nawa, wannan daƙiƙar ce direba ke ji a jikinsa kamar an riƙe motar ta baya.

Na jona kwamfuta. Lambar da ta fito P0171 ce, ma'anarta mai ya yi kaɗan a gaurayen. A nan da yawa daga cikinmu ke tsayawa, su ga lamba su tafi sayen kaya. Lambar ba ta faɗin abin da ya lalace, alama kawai take faɗa. Ni abin da nake dubawa shi ne yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa da kanta don ta cike giɓi. A lafiyayyar mota ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Wannan Corolla a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ta haura 20.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka duba wannan adadi a silo, sannan ka ɗaga inji zuwa juyi 2,500 ka sake dubawa. In ya yi yawa a silo ya sauko da ka ɗaga, iska ce ke satar hanya ta wani rami a bayan sensa, domin a silo ɗan rami ma babban kaso ne na abin da inji ke shaƙa. In kuwa ya ƙaru da ka ɗaga, ka nemi sensar kanta ko isowar mai. Tata ta sauko kaɗan amma ba ta koma daidai ba. Na ce wa babban yarona ciwo ya fi ɗaya.

Na farko ba mu sha wahalar samunsa ba. Akwai tiyon da ke fitowa daga murfin saman inji ya shiga bututun iska. Wanda ya ɗaura sabon bututu ya ga tiyon bai kai ba, sai ya bar shi yana reto, ya naɗe bakin da ya kamata ya shiga da leda da robar taya. Zafi ya cinye ledar. Muka hura hayaƙi a bututun da na'urarmu, muka ga yana fita ta nan da kuma gefen wani kilif da bai ɗauru ba. Wasu suna fesa fetur a jikin inji yana aiki don su ji ko silo zai canza. Na hana yarana wannan, na taɓa ganin bonet ya kama da wuta a hannun wani.

Na biyu shi ne ya fi ɓata mini rai. Irin wannan matata ta auduga ce, ana shafa mata wani mai na musamman, kaɗan, don ya kama ƙura. Da ta yi datti, sai aka wanke masa ita da fetur a wurin wankin mota aka tsoma ta a baƙin mai. Inji ya zuƙe man, ya bi iska ya manne a kan wayar sensa, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Da na ciro ta na ɗaga ta a rana, wayar ta yi riga kamar an tsoma tsinke a kunu. Waya mai riga ba ta jin iska da wuri. Muka fesa mata maganin wanke sensa, wanda ke bushewa bai bar komai ba. Ba a sa mata fetur, ba a sa maganin wanke kafireta, ba a hura mata iskar kwamfuresa, ba a taɓa ta da auduga ko tsinke. Muka bar ta ta bushe da kanta, muka mayar, muka cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwa ta manta gyaran ƙaryar da ta saba da shi.

Motar ta yi sauƙi ƙwarai. Matashin ya zagaya da ita ya dawo yana murna, yana neman ya biya ya tafi. Na ce ya dakata. Kwamfuta tana nuna har yanzu ana ƙara mai fiye da ƙima, wannan kuwa faɗin bututun ne, ba abin da feshi zai yi masa. Sannan na nuna masa wani adadi. A wannan mota ma'aunin zafin iska yana cikin eyafulo ɗin. Muka bar ta a silo minti goma da bonet a rufe, kamar tana cikin cunkoson Kofar Nassarawa da yamma, adadin ya haura digiri 60. Matatar tana zaune ne a bayan lagireto, tana shaƙar zafin da fanka ke turowa. Akwatin kamfani yana da hancinsa da ke ɗebo iska daga gefe, nesa da wannan zafi. Wato abin da aka sayar masa da sunan iska mai sanyi, iska mai zafi yake ba injin. In iska ta yi zafi haka, ƙwaƙwalwa tana ja da lokacin tartsatsin fulogi baya don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ƙara raguwa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ya ce, "To Baba, in aka sa mai tsawon nan da ke sauka ƙasa bayan bamba fa? Ai can akwai sanyi."

Akwai sanyi, akwai kuma ruwa. Duk wanda ya tuƙa mota a Kano a watan Agusta ya san yadda titi ke zama kogi cikin rabin awa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In inji ya zuƙe shi, fistin zai taso ya tarar da abin da ba zai iya dannawa ba, sandarsa ta lanƙwashe ko ta fasa jikin inji. Na sauke injin da wannan ya kashe, mai motar yana tsaye yana kallo. Ga kuma ƙurarmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin da ke yawo a iska gari ne mai laushi kamar hoda, kuma matatar takarda ta kamfani ta fi wannan auduga kama shi, balle audugar da ba a kula da ita yadda ya kamata. Abin da ya wuce matata ringi da silinda yake zuwa ya goge, sai bayan shekara ka ji mota ta fara shan baƙin mai.

Na tambaye shi ina tsohon akwatin. Ya ce ya ba 'yan jari bola. Washegari na tura yaro Kofar Ruwa ya nemo na Beljiyam, da murfinsa da tiyonsa da kilif-kilif ɗinsa, na ce ya duba kada ya karɓi mai tsaga a wajen zaman sensa. Muka ɗaura, muka sa sabuwar matatar takarda, muka mayar da tiyon murfin inji gurbinsa. Na zauna a gefensa da kwamfuta a cinyata muka bi titin Zariya. Adadin ya sauko ƙasa da 5 ya zauna. A danja ya taka, ta tashi ba tare da ta yi jim ba.

Wajen biya ne muka ɗan yi ja-in-ja, kuma wannan ita ce matsalar sana'armu a yau. Ya ga ban canza wani babban abu ba, sai yake ganin kuɗin bincike ya yi yawa. Mutanenmu sun fi sakin kuɗi in sun ga tsohon ƙarfe a ƙasa an ce ga abin da aka cire. Awa uku da na yi ina karanta adadi da bin tiyo ba a ganinsu. Na lissafa masa abin da ya kashe a fulogi da koyil da famfon da lafiyarsu ƙalau, ya yi shiru, ya biya. Wannan hali shi ke sa wasu masu gyara su canza abin da bai lalace ba, don a ga sun yi aiki. Ni na gwammace a yi mini ƙorafi a kan kuɗin bincike.

Ba na hana kowa sa abin da yake so a motarsa. Wanda ya nace, ina gaya masa ya nemo wanda aka ƙera don motarsa, mai mazaunin sensa daidai da faɗin na asali, mai katangar da ke raba shi da zafin inji, ya kawo mu ɗaura mu duba adadi kafin da bayan. Kuma ya ajiye akwatinsa a gida. Motocin da ke isowa daga Amurka da irin wannan bututu a jikinsu, ina ba dillalai shawara su mayar da na asali kafin su sayar.

Bututun Corollar yana nan rataye a ƙusa a bangon rumfa, mai shi ya ce ba ya so. Duk sabon yaron da aka kawo mini koyon aiki, ina sauko da shi in miƙa masa tare da ma'aunin faɗi, in ce ya auna bakinsa, ya auna na akwatin asali, ya zo ya faɗa mini abin da sensa za ta gaya wa ƙwaƙwalwa.