Yadda na zarce iyakar zubin asusun ritaya a Kanada, da abin da hakan ya jawo mini

Mun sauka a birnin Kalgari na ƙasar Kanada a watan Agustan 2021, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, riƙe da ɗan abin da muka haɗa bayan sayar da fili da mota kafin mu bar Kaduna. Na daɗe ina aikin albashi a gida, amma ban taɓa zama na yi lissafin fansho da hannuna ba, domin a ƙarƙashin dokar fansho ta Najeriya ta 2014 kashi 8 cikin ɗari ake cirewa daga albashin ma'aikaci, ma'aikata ta ɗora kashi 10, kuɗin su wuce asusu kai tsaye, nawa kawai in ga saƙo a waya. Da wannan sabo na zo, ina ɗaukar cewa tanadin ritaya abu ne da yawansa ba ya zama laifi.

A Kanada akwai asusun tanadin ritaya da ake kira RRSP, wanda gwamnati ta kafa tun 1957. Duk abin da mutum ya zuba a ciki ana cire shi daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji, ribar da kuɗin suka haifa ma ba a taɓa ta sai ranar da ya zo ɗiba. Saboda wannan rangwame ne aka yi wa zubin iyaka, wato kashi 18 cikin ɗari na abin da mutum ya samu ta hanyar aiki a shekarar da ta gabata, muddin bai haura wani adadi da ake sanarwa kowace shekara ba. A 2022 adadin nan dala 29,210 ne. Shi na gani a intanet, shi na riƙe, kuma a nan kuskurena ya samo asali, domin wannan adadi na masu babban albashi ne waɗanda kashi 18 ɗinsu ya kai can. Ni kuwa wata huɗu kacal na yi aiki a 2021, na samu dala 20,000, saboda haka gurbina na 2022 bai wuce dala 3,600 ba. Wanda ya shigo ƙasar sabo daga sifiri yake farawa, kuma shekarun da ya yi yana aiki a Najeriya ba sa buɗe masa gurbin ko sisi.

A watan Yunin 2022, bayan na samu aiki mai ɗan ƙarfi, na ga bai dace kuɗin filin su ci gaba da zama muna gutsurarsu da kaɗan-kaɗan ba. Na buɗe asusun ta manhajar banki, na zuba dala 20,000 a tashi ɗaya, cikin ƙasa da minti goma. Manhajar ba ta dakatar da ni ba, kuma babu dalilin da za ta yi, domin banki ba shi ke riƙe da lissafin gurbin mutum ba. Wannan lissafi yana hannun hukumar haraji ta ƙasa, CRA, kuma tana rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar tantance haraji da take aiko wa kowa bayan ya miƙa bayanansa na shekara, wadda ake kira NOA. Tawa ta iso tun watan Mayu. Na buɗe ta, na duba layin da ya nuna abin da za a mayar mini, na ninke ta na jefa a durowar da muke ajiye fasfo.

Sai a tsakiyar Afrilun 2023 asiri ya tonu, a ofishin wani dattijo akanta da wani abokin aikina ya haɗa ni da shi, mutumin ƙasarmu da ya shafe shekaru yana wannan aiki. Na shimfiɗa masa takardu a tebur ina sa ran a mayar mini da kuɗi mai kauri. Ya ɗauki rasidin bankin da hannun dama, tsohuwar takardar tantancewar da hagu, ya gyara tabarau, ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan ya ɗora yatsa a ƙasan shafin ya ce, “Ƙanena, ka taɓa karanta wannan layin?” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, yau na fara ganinsa.” Bai yi mini faɗa ba. Takarda ya jawo muka shiga lissafi.

Doka ta bar wa wanda ya kai shekarun girma sararin dala 2,000 sama da gurbinsa ba tare da tara ba, ko da yake ba zai ci rangwamen haraji a kansu ba sai wani gurbin ya buɗe. Idan aka haɗa da 3,600 ɗina, abin da ya halatta ya zauna a asusun dala 5,600 ne, saura 14,400 kuwa rara ce. A kan rarar ake biyan kashi 1 cikin ɗari kowane wata, gwargwadon abin da ke kwance a ƙarshen watan. Dala 144 ke nan a wata, daga Yuni zuwa Disamba wata bakwai, jimilla dala 1,008. Kashi 1 yana da sauƙin ji a kunne, amma idan ya zagaya shekara kashi 12 ne, kuma da wuya a sami jari mai natsuwa da zai riƙa kawo irin wannan riba ya rufe ramin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wa'adin. Kowa ya san ranar 30 ga Afrilu ce ranar rufe miƙa bayanan haraji, kuma da ita nake ta shiri. Ashe harajin rarar zubi yana da nasa fom na dabam, T1-OVP, da nasa wa'adi, wato kwana 90 bayan ƙarewar shekara, wanda ya faɗo ranar 31 ga Maris na 2023. Ranar da na zauna gaban akantan nan na riga na makara da mako biyu. Tarar makara kashi 5 cikin ɗari ce ta abin da ake bin mutum, da ƙarin kashi 1 a kan kowane cikakken wata har zuwa wata goma sha biyu, ga kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum. Muka cika fom ɗin a daren, na biya washegari, tarar ta tsaya a dala 50 da 'yan kai.

Ban kuɓuta ba duk da haka. Ranar 1 ga Janairun 2023 sabon gurbi ya buɗe mini daga albashin 2022, wanda ya kama dala 60,000, wato gurbin dala 10,800. Wannan ya haɗiye mafi yawan rarar, amma bayan an cire 3,600 da na ci rangwamensu, da sabon gurbin, da sararin 2,000, akwai sauran dala 3,600 da suke ci gaba da jawo dala 36 kowane wata tun farkon shekara. Hanya biyu akantan ya shimfiɗa mini. Ta farko, in cika fom T3012A in aika wa hukuma, in jira ta amince, sa'an nan banki ya sakar mini kuɗin ba tare da riƙe komai ba, sai dai kowane ƙarshen wata da ya same ni ina jira, wani 36 ɗin zai hau. Ta biyu, in cire kuɗin nan take, banki ya riƙe kason haraji kamar yadda doka ta tanada, wanda a wajen lardin Kebek kashi 10 ne idan abin da aka cire bai wuce dala 5,000 ba, kashi 20 zuwa 15,000, kashi 30 sama da haka, daga baya in nemi a mayar mini ta fom T746 lokacin haraji na gaba. Na zaɓi ta biyu, na cire kafin Afrilu ya ƙare, aka riƙe dala 360 waɗanda sai bayan shekara suka dawo. Wata ukun farkon 2023 sun ƙara mini dala 108, da wani fom T1-OVP na biyu a shekarar da ta biyo baya.

Akwai ƙofar neman afuwa, ta fom RC2503, ga wanda zai iya nuna cewa kuskurensa mai uzuri ne kuma ya ɗauki matakin kawar da rarar. Na daɗe ina juya maganar, amma ban aika ba, domin adadin yana rubuce a takardar da ke cikin gidana ranar da na yi zubin, kuma ban ga bayanin da zan rubuta wanda zuciyata za ta natsu da shi ba. Wanda nasa kuskuren ya taso daga rashin lafiya ko wani ruɗani da ba daga gare shi ba, ina ganin ya kamata ya gwada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwai wurin da kuɗin nan za su zauna lafiya. Asusun TFSA, wanda ba a biyan haraji a kan ribarsa, yana buɗe wa sabon mazauni gurbi tun shekarar da ya sauka, ba tare da duba albashinsa ba. Dala 6,000 ne a 2021, wasu 6,000 a 2022, wato ina da gurbin 12,000 da ban taɓa ba. Shi ma yana da harajin kashi 1 a wata idan an zarce, kuma ba shi da sararin 2,000 ɗin, amma da na raba kuɗin tsakanin asusun biyu na bar ragowar zuwa Janairu, da dala 1,166 da na biya suna aljihun iyalina.

Yanzu ina faɗa wa duk sabon zuwa da ya tambaye ni cewa kada ya zuba komai a RRSP sai ya miƙa bayanan harajinsa na farko ya ga adadinsa a rubuce. Idan ma'aikatarsa tana da tsarin RRSP na ma'aikatanta, abin da take ƙara masa yana cin gurbinsa, idan kuma tsarin fansho ne, adadin da ke akwati na 52 a takardar albashi ta T4 yana rage gurbin shekara mai zuwa.

Ni ban zuba ko dala ɗaya a 2023 ba. Da takardar tantancewa ta iso a Mayun 2024, na zauna da maiɗakina muka karanta ta har ƙasa. Gurbin da ta nuna dala 11,520 ne, muka cire 2,000 da suke ciki tun tuni ba a ci rangwamensu ba, ya rage 9,520. Na umarci banki ya riƙa zuba dala 500 duk wata, ragowar gurbin kuma na bar shi ya tsallaka zuwa shekara ta gaba, tun da doka ta yarda a ɗauke shi gaba.