Adashin da muka fara yi wa masu rubuta manhaja kyauta

Ni dai shagon buga takardu da sikanin gare ni kusa da jami'a a nan Kano, kuma shekara da shekaru wata manhaja ta kyauta mai suna NAPS2 nake amfani da ita wajen sikanin takardun ɗalibai in haɗa musu PDF, ban taɓa biyan ko sisi ba, gaskiya ban ma taɓa tambayar kaina wane ne ya hana idonsa barci ya rubuta ta ba.

Labarin xz ne ya farkar da ni a watan Maris na 2024. Wata 'yar ƙaramar manhajar matse fayil ce da kusan duk kwamfutocin da ke aiki da Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ke riƙe da ita babu albashi, ya gaji har ya fito ya faɗa, sai wani ya zo da sunan taimako ya yi ta lallaɓawa wajen shekara biyu har aka yarda da shi, sannan ya cusa ƙofar ɓoye a ciki, wato hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane a asirce, Allah ya taimaka wani injiniyan Microsoft ya gano. Da na ƙara bibiya sai na ga ko masu OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bayanai a intanet, lokacin da aka gano wata ɓaraka a cikinta mai suna Heartbleed a 2014, gudummawar da suke samu ba ta wuce kamar dala 2,000 a shekara ba, alhali bankuna da manyan kamfanoni a kanta suke zaune. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi, don ni ma da gumin wani nake ciyar da iyalina.

Farko ni kaɗai na gwada tura wa mai wata manhaja dala ɗaya, katina na naira ya ƙi, sau uku ina gwadawa. Da na samu katin dala kuma sai na lura cajin turawa na cinye kaso mai tsoka idan kuɗin kaɗan ne, wato asara biyu kenan, ni na biya, shi kuma mai manhajar bai samu abin kirki ba.

To shi ne na tara abokan sana'a mu bakwai a layinmu, na ce mu yi kamar adashi, kowa naira 2,000 duk ƙarshen wata, sai dai wanda zai kwashe ba ɗayanmu ba ne, manhaja ɗaya za mu zaɓa cikin waɗanda muke cin abinci da su. Alhaji Babba, dattijon layin, ya ce "yaro, abin da aka ba ka kyauta me ya kai ka biya?" Na ce masa Baba ai ko rijiyar unguwa kyauta ake ɗiba amma in ba a yashe ta ƙafewa take. Wata na biyu da kansa ya kawo nasa.

Yanzu duk wata uku muke turawa a dunƙule, kuma daga shafin manhajar kawai muke bin hanyar biya, ko Liberapay ko GitHub Sponsors ko PayPal, duk wadda mai ita ya sa da kansa, don akwai masu kafa shafin bogi. Ƙananan muke fifitawa, irin na mutum ɗaya ko biyu, manyan suna da gidauniya a bayansu. Kuma ni a ganina kaɗan da ke zuwa a kai a kai ya fi mai yawa na rana ɗaya amfani, don mutum zai iya yin lissafi da shi.

Wani cikinmu da kasuwa ta yi wa nauyi bana ya ce ba zai iya zubi ba, sai ya koma fassara wata manhajar zuwa Hausa da daddare bayan ya rufe shago, ya riga ya wuce rabi.