Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwatin Auta

A makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga labarin tafiyata Legas. Ku yi min afuwa, Legas ta jira. Shekaranjiya ina neman katin rigakafin yarinyata a adakar Inna sai hannuna ya faɗa kan takardar nan. Ta yi ja, gefenta ya zagwanye saboda ruwan 2022 da ya shigar mana ɗakuna, amma hatimin lauyan yana nan raɗau kamar jiya aka buga shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san rumfata ta bakin tasha, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, inda nake cajin waya da turi, wato tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori, tun 2011. Ƙaramin janareta, tsohuwar kwamfuta da na sayo a Kano, sai benci ɗaya. Ran Lahadi in ɗaure kayan a babur in tafi kasuwar Gujungu. Matan aure ba sa zuwa da kansu, sai dai su aiko yaro da memori a ƙulle cikin leda, da 'yar takarda: Indiya fassara biyu, na Hausa ɗaya mai ban tausayi, waƙoƙin biki. Rabin yaran a hanya suke yar da memorin. Wanda ya iso kuma sau da yawa ƙwayar cuta ta cinye shi, a ce ni na lalata. Na sha zagi ta bayan katanga ba adadi.

Ƙanena Auta ya dawo daga karatun kwamfuta a Kazaure a 2016, shekarar da komai ya yi tsada, babu aiki. Ya zauna a rumfar yana taya ni. Sati biyu kawai ya yi ya ce, "Yaya, wannan aikin naka wahala ce. Me ya sa sai an kawo memori?"

Wata uku ya yi yana haɗa abin. Na'urar waifai ta hannu, wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba wadda abokinsa ya aiko masa, rumbun ajiya, batirin babur, da farantin sola guda ɗaya da muka ɗora a kan kwanon rumfa. Kafinta ya ƙera masa akwatin katako, ya huda masa ramuka don iska. Muka kafa gora doguwa muka ɗaure eriyar a samanta. Babu intanet a ciki, babu data, babu ruwansa da sabis. Ka sayi 'yar takarda mai lamba a naira hamsin, ka buɗe waifan wayarka, ka shiga ka ɗebi abin da kake so har dare. Ƙarfinsa yana kaiwa gindin tsamiya ta gabas, ta yamma kuma har gidan Liman. Ranar farko da matar maƙwabcinmu ta sauke fim daga tsakar gidanta, ba ta aiki kowa ba, guɗa ta yi. Mun ji ta daga tasha.

To amma ba fim kaɗai ke cikin akwatin ba, kuma wannan ne abin da har gobe yake ci min rai. Akwai karatun Alƙur'ani da tafsirai, waɗanda malaman da kansu ke cewa a yaɗa. Akwai hoton bidiyo da Auta ya ɗauka da wayarsa, malamin gona yana nuna yadda ake gane tsutsar nan da ta shigo wa masara a shekarun. Sannan akwai abin da ya fi alfahari da shi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu kuwa wasu ba su taɓa dafa kwamfuta ba sai a ɗakin jarrabawa. Auta ya zauna ya rubuta manhajar gwaji da hannunsa, da tambayoyin da shi da malaman sakandare biyu suka tsara, da agogo yana ƙirga lokaci a sama. Wannan kyauta ne, ba ya buƙatar lamba. Bayan isha'i sai ka ga samari jere a gindin tsamiya, hasken waya a fuskokinsu, ana gardamar lissafi.

Takardar ta zo ran wata Talata, bayan wata takwas. Wani mutum ne a mota, bai ko zauna ba, ya tambayi mai rumfar, ya miƙo min, ya sa na sa hannu. Turanci shafi biyu. Hedimasta ne ya karanta mana a zauren Baffa bayan magariba, yana haska ta da tocila. Wani lauya ne daga birni, a madadin wasu masu shirya fim. An ba mu kwana goma sha huɗu mu rufe na'urar, mu biya diyyar naira miliyan biyar, in ba haka ba mu haɗu a kotu.

Baffa ya fara cewa ai ya san magatakardan alƙali, za a je a yi sulhu. Hedimasta ya girgiza kai. Ya ce maganar haƙƙin mallaka ba ta alƙalin gari ba ce, Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke sauraronta, sai dai Dutse ko Kano. Ya ce dokar tun ta 1988 ce, zamanin Babangida, kuma ban da diyya ta tanadi tara da ɗauri. Da Baffa ya ji kalmar Tarayya sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Shari'a saɓanin hankali."

Ku da ba ku san Baffa ba sai ku ɗauka karin magana ce kawai ya jefo. Shekara tara ya yi yana shari'a a kan fadamar kakanmu, tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Daga wannan kotu zuwa waccan. A ƙarshe shi aka ba gaskiya, amma kafin nan ya sayar da shanun huɗarsa biyu da rabin fadamar da ake rigimar a kanta. Ya ci shari'a, shari'a ta ci shanunsa. Tun daga nan ko akuya aka sace masa ba ya kai ƙara.

Auta ya durƙusa. Ina ganinsa yanzu, gwiwa biyu a kan tabarma, muryarsa tana rawa.

"Baffa, a bar ni in cire fina-finan yau da daddare. Sauran ba na kowa ba ne, ni na rubuta."

"Kai ka rubuta, su kuma sun rubuto."

"Baffa, akwatin nan yana ƙirga komai. Kowane fim, sau nawa aka ɗauka, yana nan a rubuce. Babu mai turin da zai iya gaya musu haka. Mu je mu same su, mu nuna musu, kowane fim mu ba su rabonsu."

Sai ya kawo labarin Sony. Ya ce a Amurka, a 1976, manyan kamfanonin fim, Universal da Disney, sun kai Sony ƙara saboda na'urar bidiyo ta Betamax, wai mutane na naɗar fina-finansu daga talabijin. Aka yi ta bugawa har Kotun Ƙoli, a 1984 alƙalai biyar cikin tara suka ce tunda na'urar tana da amfani mai yawa na halal, ba a kama maƙerinta da laifin mai amfani da ita. Ya ce daga baya kaset ɗin bidiyon ne ma ya zama babbar hanyar samun kuɗin masu fim ɗin.

Baffa ya saurara har ya gama. Sannan ya ce, "Shekara nawa ka ce sun yi?"

"Takwas, Baffa."

"Shi wannan Sonin, gonar ubansa ya sayar ya biya lauya?"

Aka yi dariya a zauren. Har ni. Wannan dariyar ita ce ban yafe wa kaina ba. Baffa ya mai da hularsa ya sake cewa shari'a saɓanin hankali, ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne babba. Kafin asuba kada in ga goran nan a tsaye." Ban ce uffan ba. Ni na hau kwanon da kaina, tocila a baki, na kwance farantin sola. Auta bai fito ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ina wanke kaina. Fina-finan nan na mutane ne. Sun ci bashi sun yi su, sun biya 'yan wasa, sun biya mai kyamara, ni kuwa ina zaune a benci ina karɓar hamsin-hamsin, ko sisi ba ya komawa gare su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ni ne gardin. Na taɓa zama da wani dattijo a Ƙofar Wambai da ya yi shekaru yana sayar da kaset da faifai, shagonsa ya koma na robobi da bokitai. Da na gaya masa sana'ata bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, na gwammace zagin. Don haka mai takarda yana da gaskiyarsa. Abin da nake cewa shi ne takardar ba ta bambance komai ba. Ba ta ce a cire kaza a bar kaza ba, ba ta ce ku zo mu zauna ba. Na'urar ta ce a rufe. Tsutsar masara da tafsiri da jarrabawar yara duk suka bi fim zuwa kabari ɗaya.

Kuma babu kotun da ta zauna. Wannan nake so ku riƙe. Kwana goma sha huɗu suka wuce, wata ya wuce, shekara ta wuce, ba sammaci, ba waya, ba mai mota. Ko zuwa duba ko mun rufe ba wanda ya yi. Tambari da kuɗin mai kawai suka kashe. Mu muka yanke wa kanmu hukunci, muka zartar da shi a dare ɗaya.

Na san wanda ya kai mu. Ba zan kira sunansa ba, muna haɗuwa a sahu. Mai turi ne irina, kasuwarsa ta mutu da akwatin ya zo. Har yau yana nan da kwamfutarsa yana tura fina-finan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓa aiko masa da ko gaisuwa. Haka duk masu turin Gujungu. Ni ma bayan wata biyu na koma turin da memori, fina-finan nan dai, kuma ba a sake waiwayata ba. Ashe satar ba ita ta tsone ido ba, sabon abu ne mai eriya a saman gora, wanda ake iya nunawa da yatsa.

Daga baya, ina Legas, dare ya yi min tsawo, na riƙa karanta irin waɗannan labaran a waya. Na ga na Napster, manhajar da wani ɗalibi ya ƙirƙiro a 1999 don musayar waƙoƙi, kamfanonin waƙa suka maka shi a kotu, aka rufe a 2001. Da Baffa ya ji wannan da ya ce kun gani. Amma a 2003 Apple ya buɗe shagon iTunes yana sayar da waƙa ɗaya-ɗaya ta intanet, da yardar masu waƙar. Abin da mutane ke so bai mutu ba, hannu kawai ya sauya, ya koma wurin mai lauyoyi da yawa. Mu ma haka. Yau masu fim ɗinmu da kansu suke ɗora shirye-shiryensu a YouTube, matar maƙwabcinmu tana sayen data ta kalla, in sabis ya yarda. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, a ciki har da tsarin da mai abu zai aika sanarwa a sauke kayansa daga intanet, ba sai an rushe dandalin duka ba. Ba na cewa da ta wanke mu, mu da hannunmu muka zuba fina-finan. Amma a cire na mutane a bar sauran, ai shi ne abin da yaron nan ya roƙa a durƙushe.

Shari'a saɓanin hankali. Na juya maganar nan ta fi sau dubu. Baffa bai yi ƙarya ba, da an shiga kotun da gonar gidanmu ta tafi, ina da yaƙini. Sai dai wani lokacin ina cewa a raina, mu ai ba mu kai ga shari'ar ba ma, inuwarta kawai muka gani muka saɓa wa hankalinmu. Allah Ya jiƙan Baffa, ya rasu da azumin 2021, ban taɓa iya faɗa masa wannan ba.

Auta yana Abuja yanzu, yana ɗaura wa masu kuɗi kyamarar tsaro da sola a gidajensu. Yana samu, alhamdu lillahi, shi ya yi wa Inna rufin ɗaki bayan ambaliya. Amma abin da wani ya ƙera yake ɗaurawa. Tun daren nan bai sake haɗa komai nasa ba. Akwatin katakon yana ɗakin girkin matata, a ciki take ajiye daddawa da ashana, ramukan iskar sun yi mata daidai.

Da babbar sallar da ta wuce ya zo gida. Muna cin tuwo mu biyu a zauren, inda aka karanta takardar. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce masa yaran gari har yanzu sai sun je Ringim suke taɓa kwamfuta kafin jarrabawa. Na ce ko zai sake haɗa mana irin wancan, ba fim ko ɗaya, ni zan sayi kayan.

Bai ɗago ba. Ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya, ya ce, "To Yaya, a tambayi Baffa tukuna."