Ƙarfen rataye talabijin

Na raka ƙanwata sayen ƙarfen rataye talabijin, sai na lura kowa inci kawai yake tambaya. Don Allah a fara duba bayan talabijin ɗin. Akwai ramukan noti huɗu, tazararsu ita ce ma'aunin VESA, kamar 200x200 ko 400x400 a milimita. In ba su dace da ƙarfen ba, ba zai ɗauru ba. A kuma duba kilo nawa yake ɗauka.

Ni bango ya fi damuna. Ƙarfe mai hannu, wanda ake jawowa ana juyawa, yana jan noti sosai, bulo mai rami kuwa ba kullum yake jure haka ba. Yaranta a falon suke wasa, shi ya sa muka zaɓi mai mannewa da bango, aka kafa shi daidai idon mai zama.