Dokar da ta ɓace wa John Proctor

Jiya da dare na kalli wasan kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller, na 1953, har yanzu raina bai kwanta ba. Malamin coci ya ce John Proctor, jarumin wasan, ya kawo Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki. Yana ƙirgawa da yatsu, ya kawo tara, ɗaya ta ɓace masa: wadda ta hana zina. Matarsa Elizabeth, wadda ya ci amanarta da Abigail, tsohuwar 'yar aikin gidansu, ita ta tuna masa a hankali. Wallahi sai da na sunkuyar da kai.

A kotun garin Salem, inda ake shari'ar waɗanda Abigail ta zarga da maita, ya amsa laifin zinar don ya tona asirin Abigail, ya rantse matarsa ba ta ƙarya. Aka kira ta, ta yi ƙarya don rufa masa asiri. Shaidarsa ta rushe, ƙarshe aka rataye shi bisa zargin maita.