Wasiƙa daga duwatsun Markantur zuwa ga mutanen Damagaram

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Birni, da Zango, da Sabon Gari, har da na ƙauye. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar yadda damina ta bar ku.

Tun da na taho Faransa, duk wanda muka yi waya da shi sai ya tambaye ni abin da nake karantawa. In na ce ƙwari, sai a ɗan yi shiru, sannan a ce "to, Allah ya sa albarka", da irin muryar da ake gaida mai jinya. Goggona kuwa ba ta ɓoye ba, ta ce: "Kai ɗan nan, duk farar da ke Damagaram ba ta ishe ka ba sai ka hau jirgi?" Shi ya sa na ce bari in ba ku amsa gaba ɗaya, kowa ya huta.

Inda nake aiki sunansa Markantur, gandu ne na gwamnati da aka keɓe a 1979 cikin duwatsun Alf, sama da birnin Nis, daf da iyakar Italiya. Ƙololuwarsa mafi tsayi ta kai mita 3143. Tun 2007 wannan gandu da maƙwabcinsa na Italiya suka ɗauki aniyar rubuta sunan duk wani mai rai da ke cikinsu, daga akuyar dutse har ƙaramin ƙwaron da ido ba ya gani sosai. Ba a kama ko ƙuda a tsakiyar gandun sai da takardar izini. Lokacin aikin kuma gajere ne kamar daminarmu: ƙanƙara ta narke a saman duwatsu wajen watan Yuni, furanni su ɓarke, ƙwari su fito su yi aure su yi ƙwai, kafin Satumba ta ƙare sanyi ya sake rufe ƙofa.

Babban tarkonmu kamar gidan sauro yake wanda aka buɗe gefensa biyu, da labule a tsakiya. Ƙwaro mai tashi ya yi karo da labulen, sai ya bi haske ya hau sama, ya faɗa cikin kwalbar alkol. Wani Basuwide mai suna Rene Malez ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930. (Kafin a kai zance masallacin unguwa: alkol irin na asibiti ne, don kada ƙwarin su ruɓe.) Muna kuma binne kofuna daidai da ƙasa saboda masu tafiya da ƙafa, muna ajiye faranti masu launin ɗorawa da ruwan sabulu saboda ƙudaje da dangin zuma. Da dare mu rataya farin zane mu kunna fitila. Ranar farko da aka nuna mini wannan dabara sai da na yi dariya. Mu da muka tashi muna kama shinge a gindin fitila da kwanon ruwa bayan ruwan fari, yau ga shi ana koya mini da Faransanci.

Darasin da ya fi shiga jikina kuwa, ta hanyar hasara na same shi. A zagayena na farko na rubuta 'yan takardun da ake sakawa cikin kwalba da bik. Da na sauko gari na buɗe, alkol ya wanke tawadar tas, kwalabe sun cika da ƙwari amma ba wanda ya san daga wane kwari ko wace rana suka fito. Malamar da ke kula da ni ba ta yi faɗa ba. Fensir kawai ta miƙo mini, ta ce ƙwaron da ba shi da wuri da kwanan wata mushe ne kawai. Tun daga ranar na gane cewa 'yar takardar nan ita ce aikin, kamun ƙwaron kowa ma ya iya.

Ga abin da ya tabbatar mini. A garin Kirefel na Jamus akwai wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari, da yawansu ba malaman jami'a ba ne. Shekara da shekaru suna kafa irin wannan tarko cikin wuraren da aka keɓe, suna auna nauyin abin da ya faɗa, suna rubutawa. A 2017 aka haɗa lissafin wurare 63 na tsawon shekara 27, sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Da ba su ajiye kwalabe da kwanan wata ba, da sai dai tsofaffi su ce "da can sun fi haka yawa", yara su ce tsufa ne.

To mu fa, wa ke riƙe da namu lissafin? A 1920 wani Bature ɗan Sikotilan, Angus Bukanan, ya taso daga Kano ya ratsa Damagaram ya nufi Abzin, ya tara tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, aka kai su gidan tarihi na Tirin a Ingila. A 1947 wasu Faransawa biyu, Shofar da Biliye, suka hau duwatsun Abzin suka tara ƙwari. Ban ga laifinsu ba wajen rubutawa. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗan Damagaram sai ya nemi biza kafin ya ga ƙwaron ƙasarsu cikin akwati. Ga mu da gandun Abzin da Tenere tun 1988, ga dutsen Termit da aka keɓe a 2012 a arewa maso gabashin jiharmu. Kowa na zancen mariri da barewar da ke can, amma ƙwarin da ke ɗaukar wa ƙaya da ciyawa garin fure, ba mai tambayar su.

Kada wani ya ce wannan aikin masu ƙoshi ne. Wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo a 2005 ya san ƙwaro ba wasa ba ne. Kuma maganin tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi, wani ƙaramin ƙwaro ne dangin zanzaro: masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maraɗi suna kiwon sa, a zuba cikin 'yan buhunan algarara a rataya a ƙauyuka, ya fita ya yi ƙwai a jikin tsutsar ta mutu. Manomin da bai san shi ba zai feshe shi tare da maƙiyin.

Abin da muke da shi wanda babu a akwatunan Faris shi ne sunaye. Mu mun raba gara da shinge, rina da zanzaro, cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, kuma matan da ke soya fara a Kasuwar Dole sun san wadda ke da mai da wadda ba a ci. Wannan sani yana bakin tsofaffi, ba ya cikin kaye. Roƙona ga malaman lakwal da ɗaliban jami'ar Andire Salifu: kada kowa ya nufi Termit, hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. A fara da garkar Miriya, da bakin tabkin Gidimuni, da gindin gawo a gonakin Matamai. A ɗauki hoto da waya, a tambayi dattijo sunan ƙwaron da abin da yake ci, a rubuta wuri da rana da fensir. Baɗi a koma wurin nan, a daidai lokacin nan.

Jibi zan hau in kwance tarkunan ƙarshe kafin ƙanƙara ta riga ni. Goggo, in an samu mai tahowa, a sako mini soyayyar fara da yaji. Ta nan 'yar ƙarama ce, kuma takardar izinina ba ta ce a ci ba.

Naku, ɗanku da ke Faransa.