Ga ƙannena masu shirin tafiya karatu ƙasar sanyi

Tunda na dawo Katsina kusan kullum sai wani yaro ya tare ni, ko bayan sallah ko a majalisarmu ta Ƙofar Kaura, wai Yaya na samu gurbin karatu a Ingila ko Rasha ko Turkiyya me zan riƙe me zan bari. Tambayarsu duk a kan biza ce da kuɗin jirgi da kuɗin makaranta, ban taɓa jin wanda ya ce mani ya zan yi da raina idan rana ta faɗi ƙarfe uku da rabi ba. Toh ni nan nake so mu tsaya, don shi ya fi ba ni wuya kuma rabin wuyar da hannuna na jawo ta.

Ni Aberdeen na zauna, can arewa maso gabashin Sikotilan ta ƙasar Birtaniya a bakin teku, garin da 'yan Najeriya ke yawan zuwa karatun harkar man fetur saboda rijiyoyin mai da ke cikin tekun. Gine-ginen garin yawanci da dutse mai ruwan toka aka yi su, sama ita ma ruwan toka, teku ruwan toka. Da zan tafi nace ai mu mun san sanyi, wanda ya yi hunturun Katsina ya yi wankan asuba a Janairu me za a gaya mashi. Wallahi ba ɗaya ba ne. Namu sanyin busasshe ne kuma na safe ne, kafin ƙarfe goma sha ɗaya hantsi ya dubi ludayi tsofaffi sun jingina da katanga suna shan rana, kowa ya tuɓe suwaita. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska daga teku, ya wuni a digiri 3 ko 4 kuma ko ranar ta fito haske ne kawai babu zafi a cikinta.

Abu na farko da na ɓata shi ne kaya. Na sayi ƙatuwar jaket guda ɗaya a gwanjo na ɗora kan singileti da riga 'yar shara nace shikenan na gama. Sai kayi tafiya kayi zufa, audugar ta sha zufar ta riƙe, kana tsayawa jiran bas ta koma maka kamar an manna maka ƙanƙara a baya. Su mutanen can hawa-hawa suke sa kaya, ta ciki siririya mai kama jiki wadda ba auduga ba, sai suwaita ta ulu, sai ta waje mai tare ruwa da iska, in ka shiga aji ka rage in ka fito ka ƙara. Kuma kada ka raina safa da takalmi, in ƙafarka ta jiƙe duk jaket ɗin duniya ba za ta yi maka komai ba. Kada ka kashe kuɗinka a nan gida, akwai shagunan kayan hannu na ƙungiyoyin agaji a can, da 'yan fam kaɗan zaka samu mai kyau.

Na biyu tsumulmular hita. Kowane fam sai na juya shi naira a kaina, sai in ga kunna hita awa biyu ya kai kuɗin cefanen gidanmu, sai in kashe in ƙudundune. Na kulle taga ruf, kuma a cikin ɗakin nake shanya wanki don waje ba ya bushewa. Ashe tururin wankin da na numfashina ne ke kwanciya a bango mai sanyi, sai ga baƙin funfuna bayan gado da gefen taga, ni kuma tari ya kama ni ya ƙi saki. Kuɗin da na tara ɗin bai kai lafiyar da na zubar ba. Ka kunna hita ko kaɗan ne safe da dare, ka buɗe taga mintoci kaɗan kullum ko da sanyi, iska ta canza.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan duhu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan sai kaga yamma ta ɓace. A ƙarshen Disamba rana bata fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi ta faɗi, wunin duka bai cika awa bakwai ba. Azahar da la'asar da magariba duk suna zuwa a jere cikin awa uku da 'yan kai, in kana lacca baka lura ba sai ka fito ka tarar biyu sun wuce ka, wannan ya dame ni ƙwarai. Sai na zama daga ɗaki sai laburare, in fita cikin duhu in dawo cikin duhu, barci ba ya isata, karatu ba ya shiga, abinci sai biredi da shayi a tsaye. In Hajiya ta kira ince lafiya lau don kada hankalinta ya tashi, kuma ina jin kunyar gaya ma kowa don gani nake wanda Allah ya kai Turai kuma yace yana cikin damuwa ai butulci ne. Wannan tunanin shi ne babban kuskurena, don Allah kada ku ɗauke shi. Damuwar da duhun hunturu ke kawowa abu ne da likitocin can suka sani sarai, har 'yan ƙasar tana kamawa, ba raunin imani ba ne. Da na daure naje wajen likita aka duba jinina sai ga bitamin D ya yi ƙasa. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, ranar hunturun can kuwa bata da ƙarfin hakan, shi yasa hukumar lafiyarsu ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 kullum daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, mu masu baƙar fata kuma duk shekara. Mu da muka tashi ana gudun rana a Afrilu tana haura digiri 40 wa zai ce mana wata rana magani ce.

Wani dattijo ɗan Sudan da muke haɗuwa a masallaci shi ya fara ce mani ɗana kada ka bari azahar ta yi maka a cikin ɗaki, ko ruwa ake ka fita ka zaga. Na fara fita tsakar rana ina tafiya zuwa bakin teku in dawo, hannu cikin aljihu, kuma daga nan ne idona ya fara buɗewa a kan abubuwan da da ban ɗauke su komai ba. Kunun gyaɗa mai zafi a filas, in zuba a kofi in riƙe da hannu biyu kafin ma in kurɓa. Robar ruwan zafi da ake sawa cikin bargo kafin a kwanta, ka shigo ka tarar gadon da ɗumi. Ruwan ɗumi na alwalar asuba. Man kaɗanya a dunduniya da leɓe bayan wanka. Wani ɗan haske da ke shigowa ta tagar kicin na ɗan lokaci, har na mayar da kujerata wurin. Kada wani yace wannan ai shirme ne, wallahi da su na ƙarasa karatuna, ranar da na dama kunu da safe daban take da ranar da ban dama ba.

Sai kuma gaisuwa. A nan daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Marusa a ƙafa sai bakinka ya gaji, ina kwana ina gajiya ya iyali ya sanyi, har wani lokaci ka canza lungu don kana sauri. A can mutane na da kirki amma kowa da uzurinsa, zaka iya wuni biyu ba wanda ya kira sunanka. Ranar Juma'a idan wani Bakano ko Bazazzagi ya riƙe hannuna bai saki ba yana tambayar mutan gida sai inji ƙirjina ya saki. A gida waɗannan abubuwan su ke zuwa su same ka, mai shayi yana bakin layi, rana tana tsakar gida, maƙwabci zai leƙo ko ba ka kira shi ba. A can in ba kai ka tashi ka shirya su ba babu mai kawo maka. Don haka tun satin farko ka nemi masallaci, ka nemi 'yan uwa, ku sa rana ɗaya a sati da za ku yi tuwo tare ko da na semo ne, kada ka jira sai ka fara jin ba daɗi.

Ku maza musamman, kafin ku tafi ku ajiye girman kai ku shiga madafa wajen Inna ku koyi dama kunu da kaɗa miyar kuka, ni sai ta waya na koya kuma da na koya tun a gida da na huta. Ku riƙe kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da tsamiya da garin kunu, a ɗaure su da kyau don daddawa sai ta cika akwati da wari. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ku ci rabonku a nan, dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Sannan ku sa ma iyaye lokacin waya tsayayye, ku tuna da hunturu agogon Najeriya yana gaban na Birtaniya da awa ɗaya, da bazara kuma daidai suke. In an tambaye ku ya kuke kuma ba lafiya lau ɗin ba ne, ku faɗi gaskiya, ko ba ga Hajiya ba ga wani yayanku da zai iya saurare.